Shingen Baba Zira

Kwanan baya wasu samari biyu suka same ni a bakin gareji a Luggere, wai in koya musu aikin kai baƙi daji. Ɗaya ya ce ya riga ya iya mota, ɗayan ya ce wayarsa tana nuna hanya har cikin dutse, abin da ya rage kawai in faɗa musu wuraren da hoto yake kyau. Na ce madalla. Na tambaye su, in kun hango rema a kan dutse, ta wane gefe za ku tsayar da mota? Suka dubi juna. Na ce in baƙo ya karya reshen ƙerana ya shafa ido fa? Suka ce, "Bappa, mece ce kuma ƙerana?" Shi ya sa na ga gara in faɗi aikin nan yadda na yi shi shekara ashirin da wani abu, kada a ɗauka taka totur ne da ɗaga waya.

Ƙerana dai ita ce rabin sana'ar. Tsiro ce ta kan dutse, ba ta da ganye, sai rassa masu kauri da ƙaya suna miƙewa sama kamar yatsun hannu, tsohuwa kuwa takan fi ɗaki tsawo. Baƙi in sun gan ta sai su hau ihu, wai irin ta ce suke gani a fim, a hamadar wasu ƙasashe. Mutanen duwatsun arewa, can bayan an wuce Hong, su ba abin kallo ba ce a wurinsu. Da ita suke shinge gida da gona, kuma shingen da kaka ya dasa shi ne takardar filin jika. Akuya ba ta ratsa ta, ɓarawo ma sai ya yi shawara.

A hannun Baba Kyari na koya, wani mutumin Borno da ke zaune a Limawa, mai wata tsohuwar jif koriya da ba ta tashi sai an yi mata magana mai daɗi. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Aikina in sauka in taka rairayin kwari da ƙafa in gaya masa ko zai ɗauki mota. In na ce zai ɗauka muka kafe, ni zan haƙa, shi yana zaune a inuwa yana shan shayi yana tambayata ko ƙafar tawa ta aro ce. Da ya tsufa ya bar mini jif ɗin da kayan aikinta: shebur, igiya, famfon taya, jarkar ruwa biyu, adda, da katako biyu masu kauri da ake shimfiɗa wa taya in yashi ya riƙe ta. Shi da kansa ya yanke katakon daidai tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, don su shige ƙarƙashin motar ba tare da an sha wuya ba. Abu na ƙarshe a kayan shi ne gorar nono, wadda ake saya da safe a Girei, kuma ba don sha ba.

Wani malamin jami'a da na taɓa ɗauka shi ya nuna mini amfanin gorar nan. Mutum ne mai karatu sosai, tun daga gadar Jimeta yake mini bayanin tsirran da na girma a cikinsu. Ya ce ya karanta cewa irin wannan tsiro yana ajiye ruwa a ciki, matafiyi yakan yanka ya sha. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba ta sha ba ce. Ina duba taya, ashe ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga reshe a jikin shingen wani gida da muka tsaya kusa da shi. Farin ruwanta mai kama da nono ya feso masa a hannu, ya kai hannun ya share gumi. Ihun da ya yi sai da birai suka watse daga kan dutse. Ni kuwa ranar na manta ban sayi nono ba. Sai ga wani mutum ya fito ta ƙofar shingen da ƙwarya a hannu, ya kwantar da malamin a ƙasa, ya yi ta tsiyaya masa nono a ido, ya bi da ruwa, har ya iya buɗewa. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Direba, kai ne ka kawo shi, kai ne makahon." Wannan shi ne Baba Zira, mai shingen, kuma daga ranar ya zama jagorana a dutse.

Yadda ranar aiki take tafiya, ana idar da sallar asuba mu ƙetare gada, mu bi ta Girei da Song, mu karya kumallo a Gombi, hantsi ya same mu a gindin dutse. Ni nawa hanya da mota, nasa dabbobi. Shi ya koya mini cewa rema, 'yar dabbar nan ta dutse mai kama da zomo, takan fito shan hantsi a kan falalen dutse, kuma in kana so baƙo ya gan ta sai ka kashe inji tun daga nesa, ka gangara a hankali ta gefen da iska ke busowa daga wurinta zuwa gare ka. In ka bi ta ɗaya gefen, warin man mota zai riga ka isa, ka tarar da dutse wayam. Ya koya mini kada a ci abinci a idon gwaggon biri, don in babbansu ya ga leda a hannun mace, ba ya neman izini. Ya san ramin da guza ke kwana, da kwarin da zabin daji ke sauka shan ruwa, da wurin da tsuntsayen burtu biyu ke yawo kullum tare suna wannan gunjin nasu. A ƙarshen rani tsiron nan kariya takan yi fure ja a jikin dutse ba ganye ko ɗaya, ƙerana tana tsaye a bayanta, sai ka ga baƙon da ya yi ta surutu tun safe ya yi shiru. Da azahar mu zauna a inuwar tsamiyar da ke bakin shingen Baba Zira, matarsa ta kawo gyaɗa da kunun tsamiya. La'asar sakaliya mun kama hanyar gida. Wallahi na ji daɗin shekarun nan, ban kuma san ina jin daɗinsu ba sai da suka wuce.

Shekarar da 'yan bindiga suka afka wa garuruwan can aka yi gudu, aikin ya mutu a mako guda. Hanyar arewa ta rufe, mutane suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa da bayan tirela. Jif ɗin da ta saba ɗaukar mutum huɗu da kyamara ta koma kwaso mata da yara daga bakin hanya, wani lokaci har kan rufi. Bayan nan na yi dakon ruwa da ita, na yi dakon itace, har injin ya buga, na sayar wa masu gwangwan. Katakon nan biyu ne kawai na hana, na jingine su a bayan ɗaki ba tare da na san me zan yi da su ba. Na koma jan motar kaya a kasuwa. Na yi ta cigiyar Baba Zira, sai bayan wata bakwai na same shi a Malkohi, a cikin 'yan gudun hijira, ya rame, yana saƙa igiya. Matarsa ta rasu a can a damina ta biyu. Mutane suka riƙa komawa gida kaɗan-kaɗan, shi bai koma ba, don yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma ba shi da ɗa namiji da zai riƙe masa hannu.

Bara, gab da faɗuwar ruwa, na je gaishe shi na tarar bai taɓa abincinsa ba. Ya ce saƙo ya zo daga ƙauye. Tumba, ɗan maƙwabcinsa, ya share gonarsa ya haɗa da tasu, ya ce duk ta ubansa ce. Jauro, wato mai garin da ya san iyakoki, ya mutu, sabon Jauro kuwa yaro ne a lokacin gudu. Ya aiko cewa in Zira yana da magana ya zo ya nuna iyakarsa kafin ruwan farko, in an yi shuka magana ta ƙare.

Na ce, "To ai shingenka yana nan, Baba. Wa zai yi musu da shi?"

Ya ce, "Babu shi, Hammadu. Waɗanda suka fara komawa sun sare duk shinge mai tsawo sun ƙone, don kada wani ya laɓe a baya. Ban ga laifinsu ba. Amma ni yanzu ko hannuna ba na gani sosai, me zan nuna?"

Na dawo gida abin yana cina, ga shi ba ni da motar shiga dutse. Kwana uku bayan nan sai ga Ifeoma, 'yar Oga Emeka mai shagon kayan gini a Jimeta, wadda aka haifa a nan garin, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta gama jami'a, ƙawayenta biyu sun zo daga kudu, tana so ta nuna musu cewa Adamawa ba labarin bindiga kaɗai ba ce. Babanta ya ba da a-kori-kurarsa, ya ce ba wanda zai ja sai ni. Na ce na yarda, amma da sharaɗi: akwai tsohon da zai zauna a gaba, kuma akwai wurin da za mu tsaya wanda ba na hoto ba ne. Ta ce, "Bappa, no wahala, in dai za mu ga biri."

Muka ɗauke shi a Malkohi da sassafe, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya kulle ɗakinsa da ɗan kwaɗo. Na jefa katakona da shebur a baya don sabo, na sayi nono a Girei. Hanya ta canja, shingayen bincike sun yi yawa, wasu ƙauyukan da na sani da kasuwa sai bango baƙi da sabon kwano jefi-jefi. Amma dutse yana nan yadda na bar shi. Da muka bar kwalta Baba Zira ya sauke gilashi ya leƙa da hanci. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Kashe." Na kashe inji muka gangara. Ga rema bakwai a kan falale, sun baje suna shan hantsi. Bai gan su ba, lokacin da wurin kawai ya sani. 'Yan matan suka riƙe baki don kada su yi ihu. Gaba kaɗan muka tarar da garken gwaggon biri suna tsallaka hanya ba sa ko sauri, sun yi yawa fiye da da, don shekaru ba mai korarsu. A jikin dutsen da ba gonar kowa ƙerana ta yi tsayi har ta fi mota biyu, kariya ta yi fure a gindinta. Ɗaya daga cikin baƙin ta miƙa hannu za ta ɓalli reshe ta kai gida, na daka mata tsawar da har yau in Ifeoma ta gan ni sai ta kwaikwaya.

Rana ta take muka isa ƙauyen. Jauro ya fito da dattawa uku, aka kira Tumba daga gona. Ina zaton zan ga wani ƙaton azzalumi, sai na ga saurayi siriri da tsagaggen takalmi, yara biyu suna bin sa. An kashe ubansa a gudun nan yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya durƙusa ya gaida Baba Zira da ladabi, ya ce shi dai abin da ya tuna, gonar babansa ta kai har bakin hanya, kuma shekara huɗu yana sharewa ba wanda ya ce masa kanzil. Muka tafi wurin gaba ɗaya. Na tsaya na rasa inda nake. Babu shinge, babu bukkoki, babu tsamiyar da muke zama a ƙarƙashinta, sai fili fetal an yi masa kaftu, da wani sabon layin ƙerana iya gwiwa da Tumba ya dasa a bakin hanya.

Jauro ya ce, "To Baba, ga mu. Nuna mana."

Baba Zira ya juya hagu, ya juya dama. Can ya ce, "Hammadu, shiga mota. Ka faka inda ka saba."

Abin da yake nufi, shingen nasa ƙofa ɗaya gare shi, tsakanin wasu manyan ƙerana biyu da ubansa ya dasa. In na tsaya ba daidai ba, baƙo zai buɗe ƙofar mota ya faɗa kan ƙaya. Saboda haka shekara ashirin ina shiga da baya a wuri ɗaya, har tayar baya ta dama ta daki wani kan dutse da ya leƙo daga ƙasa, sannan in ja burki. In na yi haka, ƙofar mota da ƙofar shinge sukan haɗu baki da baki. Dutse ba ya ƙonewa. Na shiga na yi ribas sau biyu ban ji komai ba, a na uku na ji tayar ta yi ƙum. Na ja burki. Baba Zira ya dafa ƙofar gaba, ya yi taku uku, ya dungura sanda ya ce, "A haƙa nan."

Tumba da kansa ya karɓi shebur. Ya haƙa har gwiwa, ba komai sai jar ƙasa da tsakuwa. Ya matsa gefe ya sake haƙawa, haka nan. Dattawa suka fara kallon ƙasa. Wani ya ce a hankali, tsufa ne, a bar shi ya huta. Jauro ya gyara murya zai yi magana. Na dubi Baba Zira na ga leɓensa yana motsi ba sauti, kunya da tsoro suka rufe ni, don da bakina na ce masa nan ne, kuma in aka tashi a haka ba gonar kaɗai ya rasa ba, ya zama tsohon da ya zo ya yi wa maraya ƙarya.

Ina tsaye ina kallon motar kamar ita ta yi laifin, sai na ga ashe ita ce. A-kori-kurar Oga Emeka ta fi jif ɗina tsawo nesa ba kusa ba. Tayar baya tana wurinta, amma ƙofar gaba ta wuce inda ya kamata. Shekara ashirin ina wannan aiki, na manta ba motata nake ja ba.

Na ce, "Jauro, a dakata. Kuskurena ne, ba nasa ba."

Na sauko da katako ɗaya na shimfiɗa daga jikin tayar baya zuwa gaba. Inda ya ƙare, nan tayar gaban jif take tsayawa, ƙofarta kuwa tana bayan nan da kamu ɗaya. Na kama hannun Baba Zira na tsayar da shi a wurin, na ce ya sake. Ya yi taku uku, ya dungura sanda. Tumba ya dube ni, ya dubi Jauro, ya kafa shebur. A sara na biyar muka ji ya daki itace. Ya durƙusa ya share da hannu, sai ga kututture baƙi ƙirin da ƙuna, kaurinsa ya kai turmi. Ƙerana ba ta yin irin wannan gindi sai ta shekara hamsin. Taku biyu a gefensa aka tono ɗan'uwansa. Daga nan ba a ƙara tambayata komai ba. Baba Zira ya cire takalmi ya shiga gaba, yana tafiya yana dungura sanda, Tumba yana bin sa yana tonowa, kututture bayan kututture, har suka zagaye fili suka dawo inda suka fara.

Tumba ya ajiye shebur ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka ka mutu."

Ya ce, "Na sani. Babanka ne ya riƙe mini reshe ranar da na cike wancan gefen. Bana ka shuka duka, ka riga ka yi kaftu, ka ba ni abin tuwo. Amma shinge zai koma wurinsa, ni da kai za mu dasa."

Jauro ya ce ya ji, dattawa suka ce sun shaida. Nan take Baba Zira ya sa Tumba ya ɗaure fuska da ƙyalle, ya naɗe hannu da buhu, ya hau dutse ya saro rassa, aka jera su a kan falale. Ifeoma da ƙawayenta, waɗanda suka zo ɗaukar hoton biri, suna ta jan rassa da igiya, ba wadda ta tuna da waya.

Rana ta karkata, kuma dole mu wuce shingayen bincike kafin a rufe hanya. Na tayar da mota na ce, "Baba, taso mu tafi."

Yana zaune a bakin ramin farko, tafin hannunsa a kan kututturen. Ya ce, "Reshen ƙerana ba a dasa shi ɗanye, Hammadu, ruɓewa yake. Sai ya sha rana kwana bakwai."

Na ce, "To in nemi mota in dawo wani mako?"

"In an dasa kuma sai an tsare shi, kada shanu su ture kafin ya kama."

"Yaushe zai kama?"

"Shekara uku haka."

Na kashe mota na sauko. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin ɗakinsa na Malkohi ya miƙo, ba daidai inda nake ba, sai da na matsa na karɓa. Ya ce in ba matar da ke ɗaki na kusa da nasa, yaranta biyar ne a ɗaki ɗaya, tabarma da tukunya ma ta riƙe. Na yi masa murna har cikin raina, amma na san ba zan ƙara zuwa Malkohi in same shi yana saƙa igiya ba. Na sauke gorar nonon na ajiye a gefensa saboda masu saran rassa. Ifeoma ta dawo kujerar gaba.

Da na hau hanya na duba madubi. Ya ji tashin mota ya ɗaga hannu yana mana sallama, amma bai juyo ba, fuskarsa tana wajen gonarsa.